YADDA A KE TSARE MOTA DA TARAKTA DAGA ƁARNAR ƁERA

Zuwa ga manoma, da dagatai, da masu unguwanni.

Babu manomin da bai san ɓarnar ɓera a rumbu ba. Tun kaka da kakanni a ke ɗora rumbu bisa duwatsu, a yaɓe gindinsa, a rufe bakinsa, don a hana wannan ɗan ɓarawo shiga. Amma akwai wata dukiya da ta shigo ƙauyuka daga baya, wadda kuɗinta ya fi na hatsin rumbuna masu yawa, ga shi kuwa ba a cika tsaronta kamar yadda a ke tsaron hatsi ba. Ita ce mota, da tarakta, da injin sussuka, da injin ban ruwa.

Waɗannan abubuwa duka aikinsu na lokaci ne. Tarakta ta kan gama huɗa da farkon damina, a jingine ta sai baɗi. Injin sussuka ya kan yi wata biyu yana aiki da kaka, sa'an nan ya kwanta. Injin ban ruwa ya kan huta damina duka. Motar ɗaukar amfanin gona ita ma ta kan yi makonni a bayan gida ba a taɓa ta ba. Mai ita yana tsammani tana hutawa ne, ƙarfe kuwa ba ya ruɓa. Bai sani ba an yi masa baƙi a ciki.

A ce ga ƙungiyar manoma ta wani gari, sun haɗa kuɗi sun sayi tarakta. Da aiki ya ƙare suka tura ta gindin rumbu, suka lulluɓe ta da tamfol, kowa ya kama gabansa. Ran da ruwan shuka ya sauka, direba ya hau ya murɗa makulli, shiru. Aka buɗe, aka tarar wayoyi sun tsittsinke, ga tsumma da ɓawon gyaɗa cike da akwatin iska. Kafin a ɗauko makanike daga birni, a nemo kayan gyara, kwana goma sha biyar sun wuce, danshi ya tafi, maƙwabta sun yi shuka har ta tsiro. Hasarar nan ba ta kuɗin gyara kaɗai ba ce, ta abincin shekara ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka aka rubuta wannan takarda, domin a san abin da ke kai ɓera cikin mota, da abin da ya ke yi a ciki, da yadda a ke hana shi.

1. ABIN DA KE KAI ƁERA CIKIN MOTA

Abu uku ɓera ke nema a duniya: abinci, da maɓoya, da ɗumi. Motar da ke ajiye ta haɗa masa su duka uku.

Ga abinci. Motar manomi ba ta rasa tsabar dawa ko masara a saƙo-saƙon bodi, da gyaɗa a ƙarƙashin kujera, da guntun burodi ko ƙuli-ƙuli da direba ya bari. Injin sussuka kuwa in ba a share shi ba, ya kan kwana da hatsin da ya fi mudu a cikinsa. Ƙaramin ɓeran gida abin da ya ke ci a yini bai wuce giram 3 ba, watau bai cika ƙaramin cokali ba. Ashe ɗan abin da mu ke rainawa, a wurinsa guzurin watanni ne.

Ga maɓoya. A ƙarƙashin murfin inji akwai duhu, babu mai motsi, kyanwa ba ta isa lungunan ba, shaho da mujiya ba su gani. Akwai kuma soson kujera, da audugar da a ke liƙa wa murfin inji, da takardar tace iska, duka kayan shimfiɗa ne masu taushi.

Ga ɗumi. Injin da ya yi aiki da rana ya kan riƙe zafinsa sa'o'i bayan an kashe shi. Da hunturu, cikin Disamba da Janairu, wannan ɗumi yana jawo ɓeraye. A lokacin nan ne kuma an riga an kwashe amfanin gona, an ƙone daji, ɓerayen gona sun rasa ci da mafaka, sun bi hatsi zuwa cikin gari.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya ajiye motarsa da hatsi a ciki, a gindin rumbu, cikin ciyawa, shi ya aika wa ɓera goron gayyata.

2. SANIN ABOKIN GABA

Ba iri ɗaya ne ke shiga mota ba. Akwai ƙaramin ɓeran gida. Akwai babban baƙin ɓera mai dogon wutsiya, gwanin hawa, wanda ke yawo bisa azara da rassan itace. Akwai ɓeran gona mai nono da yawa, wanda masana ke kira Mastomys. Macensa tana da nono har kusan 24, ta kan haifi 'ya'ya 10 zuwa 12 a ciki ɗaya. Akwai kuma gafiya, wadda ke cika kumatunta da gyaɗa ta kai ta ɓoye. Jaɓa mai dogon hanci ba ta cikin wannan lissafi. Ƙwari ta ke ci, ba ta gaigayar waya.

Abu huɗu ya kamata a riƙe game da halinsu.

Na fari, haƙora. Ɓera yana da haƙoran gaba huɗu, biyu sama biyu ƙasa, ba su daina tsiro har ya mutu. Na babban ɓera su kan ƙaru fiye da inci 4 a shekara, yana ta wasa su da juna da kuma abin da ya samu. Don haka ya ke gaigayar roba da waya, ko da ya ke ba abinci ba ne.

Na biyu, ƙanƙantar hanyar da ta ishe shi. Ƙaramin ɓera yana kutsawa ta tsagar da fensir zai shiga, watau rubu'in inci. Babba kuwa ramin da babban yatsa zai shiga ya ishe shi. Inda kansa ya wuce, jikinsa zai bi.

Na uku, tsalle da hawa. Ƙarami ya kan yi tsallen ƙafa ɗaya, babba kusan ƙafa uku. Taya a wurinsu tsani ce. Daga taya sai ƙafar mota, daga nan sai inji.

Na huɗu, haihuwa. Cikin ƙaramin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne. Ta kan haifi kamar 6, 'ya'yan kuwa cikin mako shida sun isa su haifi nasu. Macen da ta shiga tarakta da kaka, kafin bazara ta ga jikoki da tattaɓa-kunne, dukansu a gida guda.

Akwai kuma shekarun da ɓeraye ke yin yawa fiye da kima, galibi in damina mai albarka ta biyo bayan fari. Haka aka gani a Senegal cikin 1975 da 1976. Haka kuma aka gani a gabashin Ostireliya cikin 2021, inda suka cinye hatsi a ma'aji, suka lalata wayoyin motoci da injunan gona. In kun ga ramukan ɓera sun yawaita a gona da kaka, ku ninka tsaro a wannan shekara.

3. IRIN ƁARNAR DA YA KE YI

Waya. Ita ce babbar ɓarna. In ya tsinke ta, mota ta ƙi tashi, ko fitila ta mutu, ko batir ya daina cika. In kuwa ya feƙe robar bai tsinke jan ƙarfen ba, to, wannan ya fi muni, gama waya tsirara in ta taɓa jikin mota sai ta yi tartsatsi. Ga busasshiyar sheƙa a kusa, ga mai. Da haka mota ke kama wuta, wani lokaci tana tsaye babu kowa a ciki. Motocin zamani kuma suna da na'ura mai sarrafa inji, da ƙananan wayoyi masu yawa ɗaure cikin dami guda. Guda ɗaya in ta tsinke a tsakiyar damin, makanike ya kan yini yana nema, wani lokaci sai an sake damin duka.

Tiyo. Akwai tiyon mai, da na ruwan lagireto, da na birki, duka na roba. In na mai ya huje, ga hasara ga haɗarin wuta. In na ruwa ne, inji ya yi zafi har ya lalace. In na birki ne, rai ne ke cikin haɗari, ba dukiya ba.

Akwatin tace iska. Nan ɓera ya fi son yin sheƙa, don ya bushe, ya rufu. In ya toshe shi, inji ya rasa numfashi, ya yi ta baƙin hayaƙi ba ƙarfi. In ya huda takardar tacewa, ƙurar hunturu ta shige cikin inji kai tsaye, ta cinye shi a hankali kamar yadda yashi ke cin dutsen niƙa. Wannan ɓarna ba a ganinta nan take, sai inji ya fara shan baƙin mai.

Kujeru da hanyoyin iska. Ya kan yage soso, ya cusa shi cikin fankar da ke hura iska cikin mota. Fitsarinsa yana sa ƙarfe tsatsa, yana cin bakin wayoyi, warinsa kuma ba ya fita da sauƙi.

4. ALAMUN DA ZA A DUBA

A ɗauki tocila, a buɗe murfin inji, a duba waɗannan:

Kashin ɓera, baƙi, kamar tsabar shinkafa, bisa batir, da saman inji, da ƙarƙashin kujera. Ƙaramin ɓera guda ya kan yi fiye da 50 a yini, saboda haka ba ya ɓoyuwa. Mai taushi da sheƙi sabo ne, mai fari-fari da ke marmashewa tsoho ne.

Ɓawon gyaɗa, ko tsabar masara, ko ƙwallon dabino a inda mutum bai sa su ba.

Tsumma, da yagaggiyar takarda, da ciyawa a tattare wuri guda.

Zarni in an buɗe ƙofa, ko in an kunna fanka.

Ga kuma wata dabara mai sauƙi. Da yamma a barbaɗa toka mai laushi kewaye da kowace taya. Da safe a duba. In akwai mai hawa da sauka, sawunsa da jan wutsiyarsa za su nuna, har a gane tayar da ya ke bi.

Gargaɗi: kada a cusa hannu cikin lungun da ido bai gani ba. Inda ɓera ya yi gida, maciji ba ya nisa. A fara taɓawa da sanda.

5. SHIRIN AJIYE MOTA

Wannan shi ne zuciyar maganar. Aikin yini ɗaya ne, kuɗinsa kuwa kaɗan ne.

Na ɗaya, a zaɓi wuri. Ƙaramin ɓera ba ya nisa da gidansa, yawonsa bai cika wuce yadi 10 ba. Babba ya kan kai yadi 50. Saboda haka a nisanta mota daga rumbu, da juji, da tarin kara ko harawa, da akurkin kaji, da turken dabbobi, gwargwadon yadda fili ya samu. Kada a jingina ta da bango ko danga. Kada a ajiye ta inda reshen itace ke taɓa ta.

Na biyu, a share wurin. A nome ciyawa, a kwashe tarkace da tsofaffin tayoyi, a bar fili fetal kamar taku biyar ta kowane gefe. Ɓera yana tsoron ƙetare sarari, don ya san akwai masu jiransa daga sama. In an daɓe wurin, ko an yi masa siminti, ya fi kyau.

Na uku, a share motar kanta. A ɗaga kujeru da shimfiɗun ƙasa, a kakkaɓe, a wanke bodi. A fid da buhuna, da tsummoki, da takardu, da igiya. Injin sussuka a buɗe dukan ƙofofinsa, a bar shi ya juya ba kome na ɗan lokaci don ya zubo da abin da ya maƙale, sa'an nan a kashe shi a bi da tsintsiya. Kada a mai da motar da ke ajiye ɗakin ajiyar iri ko dusa.

Na huɗu, a toshe hanyoyi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A rufe tagogi ruf. A cusa soson ƙarfe, irin na wanke tukunya, a bakin salansa. Bakin da inji ke shaƙar iska a ɗaure masa ragar waya mai ƙananan idanu, waɗanda ba su wuce rubu'in inci ba. Tsumma da leda da katako ba su da amfani a nan, duka yana cinye su. Sa'an nan a rubuta a takarda abin da aka toshe, a ɗaura ta a sitiyari, don kada wani ya ta da inji bai cire ba.

Na biyar, a cire wayar batir, a fara da ta gefen da ke da alamar ragi. In babu wuta cikin wayoyi, ko ɓera ya feƙe su ba za su yi tartsatsi ba.

Na shida, maganar lulluɓi. Tamfol da ke jan ƙasa tsani ne, kuma ɗaki ne mai duhu. Rumfar kwano mai buɗaɗɗun gefuna ta fi shi. In akwai rumfa, a tokare murfin inji a bar shi buɗe, haske da iska su shiga, gama ɓera ba ya son haihuwa a sarari. In dole sai tamfol, a ɗaure shi sama, kada ya sauko ƙasa da tayoyi.

Na bakwai, wanda ya ke da hali ya kewaye motar da shingen ƙarfe mai santsi, tsawonsa ƙafa uku, a binne gindinsa cikin ƙasa, a haɗa bakunansa ba tsaga. Dabarar nan ɗaya ce da ta kwanon da a ke kifawa a ƙafafun rumbu. Ƙananan injuna, kamar na ban ruwa, a ɗora su bisa benci mai ƙafafun ƙarfe, nesa da bango.

Na takwas, wanda ya fi duka, a riƙa ziyartarta. Kowane mako a buɗe, a duba, a cire abin da aka toshe, a mai da wayar batir, a ta da inji, a ɗan zaga da ita, a sake mata wurin tsayawa in da hali. Ɓera ba ya zama gidan da ke motsi. Amma kada a bar inji yana aiki cikin rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya farga ba.

6. TARKO, DA KYANWA, DA GUBA

Tarko shi ne makami na farko, don yana nuna abin da ya kama, gawar kuma ba ta ɓacewa cikin mota. A ɗana shi gindin kowace taya, da kan taya, da ƙasan kujera, da jikin bango mafi kusa, bakinsa yana fuskantar bangon, gama ɓera gefe-gefe ya ke bi. Tarko shida na kwana uku sun fi tarko ɗaya na wata guda. A sa masa ƙuli-ƙuli, ko tunkuza, ko busasshen kifi, ɗan kaɗan, a ɗaure shi da zare. Ƙaramin ɓera mai son gani ne, ya kan faɗa tun daren fari. Babba kuwa yana zargin kowane sabon abu. A bar masa tarko da abinci ba a ɗana ba kwana biyu ko uku, in ya saba sai a ɗana. A duba kowace safiya.

Akwai kuma tarkon bokiti, wanda kowa zai iya yi. A zuba ruwa ya kai rabin bokiti. A huda gwangwani sama da ƙasa, a zura waya ta cikinsa, a gicciya ta a bakin bokitin yadda gwangwanin zai riƙa juyawa. A shafa masa tunkuza, a jingina katako daga ƙasa zuwa baki. Ɓera ya hau, ya taka gwangwani, ya juye da shi cikin ruwa. Da rana a zubar da ruwan a kife bokitin saboda ƙananan yara.

Kyanwa tana da amfani ga ƙananan ɓeraye, ko da ya ke ba ta iya wa gafiya. Ita ma ta kan kwanta jikin inji da sanyi, saboda haka a bubbuga murfi kafin a ta da mota. Mujiya kuwa ma'aikaciya ce da ba ta karɓar lada, ta kan kama ɓeraye da dama a dare guda. A hana yara jifanta.

Guba ita ce ta ƙarshe, kuma ba a sa ta cikin mota. Ɓeran da ya ci ya kan shige hanyar iska ya mutu inda hannu ba ya kai, wari ya hana shiga motar makonni. Gubar ɓera iri biyu ce. Akwai mai kisa nan da nan, baƙar hoda mai warin tafarnuwa, wadda ba ta da makari in mutum ko dabba ta ci. Akwai mai tsinka jini, wadda aka fara sayarwa a Amurka da sunan warfarin. Ita sai bayan kwana uku zuwa bakwai ta ke kisa, kuma likita yana da makarinta in an kai mutum da wuri. Wanda zai sa guba ya nemi shawarar malamin gona, ya sa ta cikin akwati ko guntun bututu inda kaza da kare da yaro ba su isa ba, ya tsince gawarwaki kullum ya binne.

Ƙwayar nan da a ke sa wa cikin buhunan hatsi, mai fid da iska mai guba, kada a kuskura a jefa ta cikin mota. Iskarta tana kashe mutum, tana kuma cin jan ƙarfen waya, watau ta yi ɓarnar da a ke gudu.

7. ABUBUWAN DA BA A DOGARA DA SU

Mutane su kan sa kafur, ko man na'ana'a, ko barkono, ko wata na'ura mai ƙara wadda kunnen mutum ba ya ji. Waɗannan su kan kori ɓera kwana kaɗan, sa'an nan warin ya gushe ko ya saba, ya komo. Kafur kuma guba ne ga yara. Kamfanin Honda yana sayar da wani tef mai yajin barkono wanda a ke naɗe waya da shi. Yana kāre wayar da aka naɗe, amma ba ya fid da ɓera daga mota. Duk waɗannan ƙari ne bisa tsabta da tarko, ba madadinsu ba.

8. IN AN TARAR DA SHEƘA

A nan sai a yi hankali, gama maganar ta wuce ta dukiya. Ɓeran nan mai nono da yawa shi ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa cikin 1969 a garin Lassa, a ƙasar Borno. Cutar ba ta kwantar da ɓeran, amma tana fita cikin fitsarinsa da kashinsa. Mutum ya kan kamu in ya taɓa su da hannu mai rauni, ko ya ci abincin da suka ɓata, ko ya shaƙi ƙurarsu. Ta fi yawa da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, daidai lokacin da motoci ke ajiye. Ido ba ya rarrabe mai cuta da marar cuta, saboda haka kowace sheƙa a ɗauke ta da haɗari.

Ga yadda za a yi:

A buɗe ƙofofi da murfin inji, a koma gefe minti 20 iska ta ratsa. A cire wayar batir.

A sa safar hannu ta roba, in babu a ɗaura leda mai kauri. A rufe hanci da baki.

Kada a share da tsintsiya a bushe, kada a hura da baki ko da famfon iska, kada a kunna fanka. Ƙurar ita ce abin tsoro.

A haɗa ruwan bilic, irin su Jik ko Hypo, awo ɗaya da ruwa awo tara. A jiƙa sheƙar da kashin sharkaf, a bari minti biyar. Kada a gauraya shi da wani magani.

A kwashe da tsumma ko takarda, a ƙulle cikin leda biyu, a ƙone a bayan gari ko a binne da zurfi. Haka za a yi da gawar ɓera. Kada a bar yara su ɗauka, kada a ci.

A goge ƙarfen da ruwa mai kyau, gama bilic yana kawo tsatsa, a bar shi ya bushe. Takardar tace iska in ɓera ya taɓa ta, a sake sabuwa. A wanke hannu da sabulu.

Wanda zazzaɓi ya kama cikin mako uku bayan wannan aiki, da ciwon kai da na maƙogwaro da kasala, ya kuma sha maganin zazzaɓin cizon sauro bai ji sauƙi ba, a kai shi asibiti ba jinkiri, a gaya wa likita ya taɓa kayan ɓera. Wanda aka kai da wuri ya fi samun tsira.

9. KAFIN A KOMA AIKI

Wata guda kafin lokacin aiki, ba ranar aiki ba, a fito da mota sarari. A cire soson ƙarfe da raga. A buɗe akwatin iska a duba. A bi wayoyi da ido da yatsa. A duba ƙarƙashi ko akwai ɗigon mai, ko ruwa, ko man birki. A taka birki a ji ko ya yi tauri kamar da. In an ga waya tsirara, kada a mai da batir sai makanike ya gyara. Kada kuma a murɗa bakin waya biyu a naɗe da leda a ce an gama. In inji ya tashi, a tsaya kusa da shi minti goma, a saurara, a sansana. In an ji ƙauri, a kashe nan da nan.

10. AIKIN DAGACI DA MAI UNGUWA

Ɓera bai san iyakar gida ba. Mutum ɗaya in ya share nasa, maƙwabcinsa ya bar juji, aikin banza ya yi. Saboda haka ana roƙon shugabanni su ɗauki waɗannan:

Su sa rana guda bayan an gama girbi, gari duka a yi shara, a ɗana tarkuna tare mako guda.

Su keɓe fili a sarari domin ajiye tarakta da injunan jama'a, nesa da rumbuna da masussuka.

Su damƙa kowane injin ƙungiya a hannun mutum guda sananne, wanda zai duba shi kowane mako, ya rubuta ranar cikin littafi. Abin da ya ke na kowa, in ba a sa masa mai kula ba, na ɓera ne.

Su sa a karanta wannan takarda a dandali, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ji.

ABIN TUNAWA

Kada ka bar masa abinci. Kada ka bar masa duhu. Kada ka bar masa hanya. Kada ka bar motarka mako guda ba ka buɗe ta ba. Wanda ya kiyaye waɗannan huɗu, ran da ruwan shuka ya sauka zai murɗa makulli inji ya amsa, ya riga rana isa gona. Rigakafi ya fi magani.